Cire Biyu

Ku ajiye wayoyin nan ku matso kusa. Tun safe nake kallonku kuna ɗaukar tansiyo, awon hawan jinin nan, kamar masu ɗaure bakin buhun gero: a naɗa, a matsa, a faɗi lamba, na gaba ya zo. Jiya ma na ji ɗaya daga cikinku, ba zan kama suna ba, tana cewa duk aikin asibiti babu mai sauƙin wannan, wai ko ɗan lakwal, yaron makaranta, aka nuna wa zai iya. To madalla! Ni Falmata na haura shekara talatin ina anfirme, wato ma'aikaciyar jinya. Na yi Takieta, na yi Mirriya, na dawo nan cikin Damagaram har ga ritiret, lokacin ajiye aiki, tana leƙo ni, kuma wannan abin da kuka raina shi ne har yau ya fi ɗaure mini kai. Bari in ba ku labarin hannun mutum ɗaya, Madam Rahila, sajifam, wato ungozomar asibiti. Rabin matasan unguwar nan a hannunta suka faɗo duniya.

Tansiyon farko da na ɗauka na wani tsoho ne mai fataucin kanwa, a Takieta, ina ƴar sitaji, mai koyon aiki kamarku. Na naɗa masa barasar, ƙyallen nan da ake ɗaurawa a damtse, a kan hannun riga, yana shigowa daga rana ko numfashi bai mayar ba. Majo Abdu, shugaban anfirmominmu na lokacin, Allah ya jiƙansa, ya buga mini biro a bayan hannu. Ya ce, “Wa ya kore ki? Bar mutum ya zauna ya huta. Naɗe masa riga. Hannun ya kwanta kan tebur daidai ƙirji. Nemi jijiyar da yatsa kafin ki ɗora abin saurare, iskar kuma ki sake ta a hankali, ba tayar mota ba ce.” Sannan ya koya mini abin da ya ce anfirmomi da yawa ba su sani ba. Idan barasar ya yi wa damtse kaɗan, ƙarya yake yi, yana ɗaga lamba sama da yadda take. Wannan gaskiya ce, tana cikin littattafanku, ku riƙe ta da kyau. Amma ku saurara ku ji inda gaskiyar ta kai mu.

A lokacin ni siririya ce kamar tsinken tsintsiya. Kuna dariya? Hoton yana nan gida. Wata rana wata mata ta zo allura, ta dube ni sama da ƙasa, ta ja zanenta ta ce a kira mata babbar. Na ce ni ce mai yi. Ta ce, “Yarinya, ke ma ai magani kike buƙata.” In na je gida hutu, gwaggona ta riƙa tambaya ko aikin ne bai karɓe ni ba, ko wani ciwo nake ɓoyewa. Majo da kansa ya ce mini, “Ki ci abinci, Falmata. Majinyaci ba ya sakin jiki da wanda iska za ta ɗauka.” Na bi maganar malamina kamar yadda na bi ta barasar. Da na fara cika bulus, farar rigar aikinmu, sai gaisuwa ta canja, aka daina ce mini yarinya, aka koma Madam.

Abincin kuwa ba sai ka nema ba, shi ke nemanka. Kun dai gani da idonku. Mai jinya daga Gidimuni zai zo da dabino da rake ya ajiye a ƙofar buro, wato ofishinmu. Wadda ta haihu lafiya, ranar suna sai ga kwanon shinkafa da nama ya yi iyo cikin mai, da alkaki a leda. In ka ƙi karɓa, ka yi ɗayan biyu ke nan a wajensu: ko ka raina su, ko ka gaya musu mara lafiyarsu ba zai tashi ba. Na taɓa mayar da kwanon wata tsohuwa saboda na ƙoshi, wallahi kuka ta fashe da shi, ta ruga ta duba ɗanta. Tun daga ranar ban sake ba. Ga shayi ba ya sauka daga wuta, sukarinsa sai cokali ya kusa tsayawa. Kuma a tsaye muke ci, da sauri, har mu cika ciki, don ba ka san yaushe za a sake barinka ka zauna ba. Da yamma ƙafafu sun kumbura da kai da komo, sai ka ce ai na motsa jiki, ka hau moto, babur ɗinka, daga ƙofar asibiti zuwa ƙofar gida.

A Mirriya na fara ganin aikin Rahila. An kawo wata mata a amalanke daga ƙauye, ta kwana tana naƙuda, abu ya ƙi. Babu na'urar duba ciki a wurin, lokotoro kuma, wato likita, yana Damagaram. Rahila ta shafa hannunta na dama a bulus don ya yi ɗumi, ta ɗora kan cikin, ta rufe ido tana wani ɗan gunguni na waƙar majami'arsu. Ta ce, “Ga kai nan sama, da ɗuwawu yake zuwa. Ba babba ba ne, zai fito. Falmata, riƙe mini ita.” Haka kuwa aka yi. Ta bar yaron ya sauko da kansa, ba ta ja ba, sai da ya zo kafaɗa ta sa yatsu biyu ta yi wani abu da har yau ban iya kwatanta shi ba, sai ga kuka. Hannun nan ƙato ne, mai taushi, kamar ba ƙashi ciki, amma yana jin abin da mu ba mu ji. Daga ranar muka zama kwano ɗaya. Ta girme ni, ina ce mata Yaya, ita kuma ba ta kirana sai “ƴar Barebari”. Da Sallah in aika mata cinyar rago, da Kirsimeti ta aiko mini cincin da shinkafa har maƙwabta su samu. Aka maido mu Damagaram kusan tare, kowaccenmu ta sake ɗinka bulus ya fi sau uku.

Yanzu ga inda abin yake. Ma'aikacin asibiti ba ya zama a kan bencin majinyata. Babu wanda ya rubuta wannan doka, amma kowa yana bin ta. In kanka yana ciwo, sai ka tare abokin aiki a baranda ka miƙa masa hannu a tsaye, ana hira. Haka Rahila ta tare ni wata rana, ta ce ƙeyarta tana mata nauyi. Na naɗa barasar, da ƙyar bakinsa ya haɗu. Na ce, “Sha biyar da tara, Yaya.” Kun dai san na lafiyayye sha biyu da takwas ne. Majon wurin yana wucewa, ya leƙo ya ce, “Haba, wannan barasar ɗin a damtsen Madam? Ai ya yi mata kaɗan. Cire ɗaya.” Muka cire ɗaya, ya zama sha huɗu, kowa ya kama gabansa. Damtse ya ƙaru, abin cirewa ya ƙaru, har ya tsaya a biyu. Ya zama kamar gaisuwa a tsakaninmu. Kowa ya miƙa hannu, kafin a faɗi lamba ya riga ya ce, “Cire biyu.” In ka hau balansi don awon nauyi, takalmi da bulus da makullan aljihu, cire biyu. In mai labo, mai gwajin jini, ya ga sukari ya hau, shi da kansa zai ce, “Ai kin taɓa wani abu da safe, ko?” Abin da ya ruɗa ni, babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Barasar ɗin ya yi kaɗan, takalmi yana da nauyi, kuma lallai an taɓa wani abu da safe. Da jahilai ne mu, da mun ji tsoron lambar mun nemi magani.

An taɓa tara mu formasiyo, taron ƙaro ilimi, a kan wannan ciwon. Wani matashin lokotoro ya tsaya gaban allo ya ce sunansa sandurom metabolik, wato taron cututtukan da ke tafiya tare: tumbi, hawan jini, sukari, da kitsen jini iri biyu, wanda ya kamata ya yi ƙasa ya hau, wanda ya kamata ya hau ya yi ƙasa. Ya ce in uku sun haɗu a jikin mutum, zuciya da ƙwaƙwalwa suna cikin haɗari ko da yana jin garau. Duk muna gyaɗa kai, muna rubutawa, kujerun roba suna kuka a ƙarƙashinmu. Ya ce mu auna ƙugun juna. Rahila ta zaro metir ɗinta na auna cikin mata, ta zagaya nata, ta duba, ta ce da ƙarfi, “Wata tara, kuma tagwaye ne!” Aka yi dariya har da hawaye, shi ma lokotoron bai iya riƙewa ba. Sai aka ce a fita hutun kafe. Me aka jera mana? Burodi da mayones, fanke, naman kaza soyayye, lemun kwalba mai sanyi. Lokotoron ma ya ci, na gan shi. Na tsaya da kwalba a hannu ina tunanin ko dai ni ce ban fahimci darasin ba.

Akwai wata Hajiya mai sayar da atamfa a Zango, tana zuwa wurina. Wata safiya na ɗauki nata, sha shida da goma, da wannan ƙaramin barasar ɗin, kuma damtsenta bai fi na Rahila ƙanƙanta ba. Ban cire mata ko rabi ba. Na zaunar da ita na yi mata faɗa sosai: ta rage gishiri da maji, ta bar mai, ta riƙa takawa da ƙafa, ta rage jiki, yanzu yanzu ta shiga wajen lokotoro. Ta saurare ni tsaf, ta dube ni da murmushi, ta ce, “To Madam, na ji. Amma ni fa burina in kai ki. Me kuke ci ne a asibitin nan?” Ba gatse take yi ba, yabo ne har zuciyarta. Da azahar ɗin ranar Rahila ta tare ni a baranda, sha bakwai, muka mayar da shi sha biyar. Hajiya tana nan har yau da ƙafafunta, tana shan ƙwayarta kullum saboda tsoron faɗana. Ku da kuka fito daga lakwal kwanan nan, ku gaya mini yadda kai ɗaya yake yin lissafi biyu a yini ɗaya, don ni ban gane ba.

Shekarar da ba na son tunawa ta fara ne da kyauta. An kawo mana kayan aiki a kwalaye, a ciki har da babban barasar na masu kauri, ga shi can rataye a ƙusa. Muka taru muna juya shi, ana tsokana, wa za a fara gwadawa? Rahila ta ce, “Kawo nan, yau za a wanke ni.” Ta zauna kan kujera, karo na farko ke nan. Na yi mata yadda Majo Abdu ya koya mini, na bar ta ta huta, hannu kan tebur, barasar ya zagaye damtsen har da saura. Na saki iska a hankali. Sha takwas da sha ɗaya. Na ce bari in sake. Na koma ɗaya hannun. Haka dai. Kowa ya buɗe baki zai faɗi abin da aka saba, kuma babu abin cirewa. Ita ce ta fara magana. Ta ce, “Sabo ne, ba a daidaita shi ba tukuna.” Wasu suka yi dariya, suka watse. Babu wanda ya sake miƙa hannu ranar, har da ni.

Na bi ta har ɗakin haihuwa. Na ce, “Yaya, wannan ba wasa ba ne. Hannun nan naki da mata ke dogara da shi, jinin nan zai iya ɗauke shi rana ɗaya. Kin fi ni sani.”

Ta ce, “To tunda na fi ki sani, sai ki bar ni.”

Na kai ƙararta wajen lokotoro. Ya rubuta mata ordonansi, takardar magani, ya ce ta riƙa zuwa ranar masu hawan jini a bi ta yadda ake bin kowa, a auna sukari da kitse ba ta ci komai ba. Ta ce, “In zauna a benci? Tsakanin matan da nake yi wa faɗa a kan gishiri? Gobe wa zai saurare ni?” Maganin ta fara sha, ta bari. Na tambaye ta dalili, ta ce yana sa ta fitsari, kuma in mace tana kan gwiwa, ungozoma ba za ta ce wa jariri ya dakata ta je ban ɗaki ba. A shekarar an ɗauke mana sajifam ɗaya an kai wani gari, ɗaya tana hutun haihuwa, aikin duk ya koma kanta. Na ce a canja mata wani maganin, ta ce sai an samu sarari. Ta koma shan ƙwayar sai ranar da kai ya yi ciwo, abin da in majinyaci ya yi muke kusan cinye shi ɗanye. Muka yi faɗa na gaske. Na ce mata taurin kanta ya fi na jakin kanwa, ta ce in je in auna nawa tumbin tukuna. Na raba kwano da ita. Da Kirsimeti ta zo, sai ga ƴarta Tabita da ƙaton kwano a kai. In mayar? Na karɓa, na ci, muka shirya, maganar magani kuma ta bi ruwa.

Da bazara ne, da hantsi, aka kira ni ɗakin haihuwa in sa wa wata mata serum, ƙarin ruwa. Haihuwa ce mai sauƙi, yarinya mace, ta fito tana tsala kuka. Rahila ta matse cibiya, ta miƙa hannu ta ɗauki almakashi, almakashi ya faɗi ƙasa. Na ba ta wani. Shi ma ya zame ya faɗi. Ta tsaya tana kallon hannun kamar na wani ne aka ajiye mata. Ta juyo za ta kira ni, sunana ya fito a karkace, gefen bakinta ya sauka. Na ce innalillahi! Na tura mata kujera da ƙafa, na yanke cibiyar da kaina, na ƙwala kira. Tunda na san ta ban taɓa ganin ta bar wani ya ƙarasa mata haihuwa ba sai ranar. Da aka naɗa mata babban barasar, allurar agogonsa ta wuce ashirin da biyu. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji a wurin aiki ba, kuma na ji haushinta, na ji haushin dukanmu.

Ta rayu, mun gode Allah. Bakin ya miƙe sai ɗan kaɗan, ƙafar tana ja amma tana takawa da sanda. Hannun dama ne bai dawo ba. An yi gashi, an yi motsa gaɓɓai, ƴan majami'arsu sun yi addu'a, mu ma mun yi tamu, yana nan a kwance kan cinyarta. Har yanzu mata masu ciki suna bin ta gida a Sabon Gari, wai ta taɓa musu kawai. Takan ɗora na hagu, ta rufe ido, ta daɗe, sannan ta ce, “Je ki asibiti, ƴata. Wannan ba ya ji.”

Yanzu kowane wata Tabita tana kawo ta, kuma a benci take zama. Matan da ta karɓi haihuwarsu suna miƙewa su ce Madam ta wuce gaba, ta ce a'a, layinta take jira. Wancan makon da ta shigo, na ɗauki nata, na ce, “Sha huɗu da tara, Yaya, yau kin yi ƙoƙari.” Ta kanne ido ta ce, “Cire biyu.” Muka yi dariya har Tabita ta tsorata. Sai ta daina, ta ce, “Ke fa, ƴar Barebari? Yaushe rabonki?” Na ce layi yana jira. Ta ce layin ya jira, ai ita ma ta jira shi. Ta sa Tabita ta naɗa mini babban barasar, ta sa abin saurare a kunnenta, ni na riƙe mata bakinsa a kan jijiyata, ta riƙa matsa robar da hannun hagu a hankali. Ta ce, “Sha bakwai da goma.”

Wallahi ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ji kaina ina cewa, “Yanzu fa na sha shayi, Yaya, kuma tun safe ban zauna ba.” Ni da na yanke cibiyar nan da hannuna! Ta sa hannun hagu ta ɗago na daman daga cinyarta, ta ɗora shi kan teburina, a gabana, kusa da barasar. Ta bar shi nan.

Don haka ranar Alhamis, ranar masu hawan jini, za ku gan ni a kan benci, kada wanda ya miƙe mini. Wanda layi ya kawo ni hannunsa, ya sauko da babban barasar daga ƙusa, ya bar ni in huta, ya faɗi lambar yadda ta fito, da ƙarfi. In na fara maganar shayi, ku yi kamar ba ku ji ba. Kwanon nan kuma da kuke ta satar kallo, alkaki ne, mijin wadda ta haihu shekaranjiya ya kawo, yana tsaye a waje yana jiran a mayar masa da kwanonsa. Ku gaya mini abin da zan ce masa.